Kwana 90 dokar baƙo ce, mu mazauna iyaka ina tamu?

Duk wanda ke zaune tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Matamaye da Daura, ya san cikar takardun mota ba ta hana mutum kwana a shinge. Permin da jandarma ya duba ya miƙo maka da safe a Ɗan Isa, shi ne wani ma'aikaci zai riƙa juyawa gaba da baya da hantsi bayan ka wuce Jibiya, ya ce shi bai san wannan ba. Ɗan Najeriya da ya shigo mana da lasisinsa haka shi ma yake shan tambaya a wajenmu. Mun saba ɗora laifin ga mai kaki, shi kuma ya ɗora wa direba. Ni a ganina tushen matsalar yana cikin dokar kanta. Dokokin tuƙi da na rajistar abin hawa mutum iri biyu kawai suka sani: mazaunin ƙasa, da baƙon da ya shigo zai koma. Mutumin da rayuwarsa ta rabu gida biyu, iyali a nan, shago a can, babu gurbinsa a ciki. To mu nan bakin iyaka irin wannan mutumin ba a iya ƙirga shi.

Bari mu fara da abin da aka rubuta. A ranar 29 ga Mayun 1979 shugabannin CEDEAO suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a. A cikinta an ce motar gida mai rajistar wata ƙasa ta ƙungiyar na iya shiga wata ƙasar ta zauna har kwana 90, muddin mai ita ya nuna abu huɗu: permi mai aiki, takardar mallakar mota wadda muke kira kart giris, inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da takardar duwan. Motar haya mai ɗaukar fasinja kuwa kwana 15 aka ba ta. Wannan tsari ya yi wa wanda ya taso daga Yamai zai je Legas biki ko jinya daidai. Ya shiga, ya gama abin da ya kawo shi, ya fita.

Yanzu a ɗauki ɗan kasuwar Maraɗi da ke cin kasuwar Jibiya kowace Lahadi, ko mai dabbobin Dungas da ba ya fashin Maigatari ranar Alhamis. A ɗauki wanda uwargidansa ke Ƙonni amarya ke Illela. A ɗauki ɗan Nijar da ya shekara goma yana sana'a a Kano, amma damina na faɗuwa sai ya dawo gonar gado ya yi wata huɗu. Wane ne baƙo a cikinsu, wane ne ɗan gida? Kwana 90 ɗin daga yaushe za a fara ƙirga wa wanda ke tsallakawa sau uku a mako? Doka ta yi shiru, kuma duk inda doka ta yi shiru bakin ma'aikaci ne ke zama doka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan ake fara “malam, a daidaita”, ka ba da jikka guda a wancan shinge, ka ba da naira kaza a na gaba, babu resi, babu wanda zai ce ga inda kuɗin suka shiga.

Kuma ba ƙaramin yanki ake magana ba. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, tun daga wajen Gaya har Tafkin Chadi. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, ta ratsa dangi ɗaya da yare ɗaya. Daga Maraɗi zuwa Katsina ba a cika kilomita 100 ba, alhali zuwa Yamai sai ka haura 600. Wanda ciwo ya kama da dare, ko wanda ke neman kayan gyaran injin, ba taswira yake dubawa ba, inda ya fi kusa yake nufa.

Maganar permi kanta akwai rikici a cikinta wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Mu tsarin Faransa muka gada: A na babur ne, B na ƙaramar mota, C na babbar motar kaya, D na motar jigilar mutane, E kuma na mai jan tirela. A Najeriya harufan sun fi haka yawa, kuma ma'anarsu daban. A can mai jan tirela ajin G ake ba shi, ajin E nasu kuwa bai ba ka damar taɓa tirela ba sam. Ke nan harafi ɗaya, a nan yana nufin ka isa jan tirela, a can yana nufin ba ka isa ba. Ga namu da Faransanci, ga nasu da Ingilishi. Ma'aikacin da ba a taɓa koya masa karanta takardar maƙwabta ba, ko da zuciyarsa fes take, yaya zai yi ya tantance? Wanda zuciyarsa ba fes take ba kuwa, ya samu abin da yake nema.

Wani zai ce ai akwai permin ƙasa da ƙasa. Akwai shi, amma shi ma na matafiyi ne. Ƙa'idar da ke cikin yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ita ce ƙasa ta amince da permin baƙo har zuwa lokacin da ƙasar ta zama mazauninsa na dindindin. Da zarar ka zama mazauni, ana iya ce maka ka nemi na gida. Nan ma mun dawo tambayar farko: wanda ke da mazauni biyu fa?

Shi ya sa da yawa ke yanke shawarar mallakar permi biyu. Riƙe permi biyu ba shi ne abin tsoro ba, hanyar samun na biyun ita ce. A Najeriya tsarin a rubuce shi ne ka bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, jami'an VIO su gwada ka, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ɗauki hotonka da zanen yatsunka, sannan kana buƙatar lambar shaida ta NIN. Mutumin da ya shekara ashirin yana tuƙi da permin Nijar, a ce ya koma ajin ƴan koyo, sai ya ga an raina shi, ya nemi ɗan tsakiya. Ɗan tsakiya ya karɓi kuɗi ya kawo kati, mai yiwuwa na jabu. Wani kuma don a sauƙaƙa masa sai ya ce a Jibiya aka haife shi alhali cibiyarsa a Madarunfa aka binne ta. Yau ya ga kamar ya yi dabara. Ranar da aka haɗa takardunsa biyu aka ga mahaifa biyu da ranar haihuwa biyu, zancen ya tashi daga laifin hanya ya koma na ƙaryar takardun ƙasa.

Rajistar abin hawa ta fi permi ɗaure kai, domin nan kuɗin duwan ne ke magana. Lambar da ke jikin mota shaida ce cewa an biya wa motar kuɗin shigowa a ƙasar da ta ba da lambar. Mota mai RN a Nijar aka biya mata, don haka a idon kwastan na Najeriya baƙuwa ce, lesefase ne kawai ke riƙe da ita, ranar da ya ƙare kuma ta zama kamar kayan fasa-ƙwauri. Haka mota mai lambar Katsina ko Sakkwato take a idon duwan ɗinmu. In ka ce bari ka bi doka ka sauya mata lamba, sai ka biya kuɗin shigowa karo na biyu a kan motar da aka riga aka biya wa. Abin ya ƙara tsanani da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. An yi dokar ne don masu ɗauko motoci daga tashar Kwatano su zagaya da su ta Benin da Nijar, amma ta haɗa har da magidancin da ya koma Kano da zama da tsohuwar motarsa guda ɗaya tilo.

To me mutane ke yi? Wasu suna ajiye lamba biyu a but, kafin shinge su tsaya su kwance wannan su ɗaura waccan. Wasu suna yin rajista da sunan ɗan'uwa ko aboki na ɗaya gefen. Wasu kuma, musamman masu babura, ba lamba ba takarda, sai dai resin shagon da aka saya, in ma an adana shi. Cikin yaran da na koyar, waɗanda suka bar aji suka kama kabu-kabu suna kai mutane tsakanin ƙauyukan iyaka, da wuya ka samu wanda ke da permin A, da wuya ka samu wanda babur ɗin ke da sunansa a takarda.

Duk waɗannan dabaru suna tafiya lafiya har ranar da ƙaddara ta faɗa. A ce motar da ke da lambar aro ta buge yaro a ƙauye. Jandarma ya zo ya yi konsta, ya duba lambar jikin shasi, ta saɓa da ta kart giris. Kamfanin inshora ya ce shi ba wannan motar ya ɗaukar wa alkawari ba. Direba yana tsare, mota tana hannun hukuma, iyayen yaro suna asibiti suna sayar da akuya don sayen magani. Ko kuma a ce mai motar ya rasu, magada suka zo rabon gado, sai aka tarar a takarda motar ta wani ce can a Daura. In mai amana ne ya ce ga kayanku, in ba shi ba ne, marayu ba su da hujjar da za su kai gaban alƙali. Haƙƙin rai da haƙƙin maraya ba abin wasa ba ne a wajen wanda ya san zai tsaya gaban Allah, kuma takardar da muke rainawa ita ce ke tsare su.

Inshorar ma da muke ɗauka kamar harajin banza, don irin wannan ranar aka yi ta. A 1982 a Kwatano CEDEAO ta kafa tsarin katin inshora mai ruwan ƙasa, wanda direbobinmu ke kira kart burun. Amfaninsa shi ne in ka yi haɗari a wata ƙasar, ofishin tsarin na ƙasar da abin ya faru shi zai tsaya wa wanda aka yi wa ɓarna a madadin kamfaninka na gida. A Najeriya, tun 1 ga Janairun 2023 da aka ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000, an haɗa wannan katin a cikinta. Amma jeka tasha ka tambayi direbobi goma me za su yi da katin in haɗari ya faru, wa za su kira, ina ofishin yake. Yawanci abin da suka sani shi ne takarda ce da ake nunawa a wuce.

Yanzu kuma ga sabon yanayi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kamar yadda Najeriya ta taɓa rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A duk lokutan biyu akwai motocin da rufewar ta ritsa da su a gefen da ba nasu ba, lesefase ya ƙare musu ba da laifin masu su ba. Sannan a ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. Gaskiya ne ɓangarorin biyu sun yi magana mai kwantar da hankali. A ranar 14 ga Disamban 2024 ƙawancen AES ya sanar cewa ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza, motocinsu na gida da na haya ma za su shigo bisa dokokin da ke aiki. CEDEAO ita ma ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƴan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga har sai an sanar da wani abu daban. Sai dai sanarwa daban, yarjejeniya daban. Abin da aka ce “har sai an sanar da wani abu daban” ana iya janye shi da takarda guda. Ba na shiga gardamar ko ficewar daidai ce, kowa da ra'ayinsa. Abin da na sani shi ne ƴar inuwar da mai mota ke fakewa a ciki tun 1979 yanzu aro ce, kuma tun asali ma ba don mazaunin iyaka aka yi ta ba.

Na san abin da ma'aikatan tsaro da na duwan za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce in aka sassauta, ɓarayin mota da ƴan fasa-ƙwauri za su samu hanya, ga ƴan bindiga da ke tsallakowa kan babura suna satar mutane da shanu a yankunan Madarunfa da Gidan Runji. Ba ƙarya ba ne, kuma saboda babur ɗin nan ne aka hana hawansa a jihar Diffa a 2015. Amma a duba da kyau: ɗan bindiga ba ya bin shinge, ba ya neman lesefase. Tsananin da ake yi a kan kwalta mai gaskiya yake kamawa. Kuma idan bin doka ya yi tsada ya yi wuya, mai gaskiyar ma sai ya koma hanyar daji, ya cakuɗu da marar gaskiya, jami'in tsaro ya kasa bambance su. Babur dubu da aka san masu su da ƙauyukansu sun fi sauƙin tsarewa a kan babur dubu marasa lamba.

Don haka ga abin da nake ganin ya kamata hukumomin ƙasashen biyu su zauna a kai. Ba sai an jira CEDEAO da AES sun gama tattaunawarsu ba. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, hedikwatarta a Yamai, kuma irin wannan aikin aka kafa ta ta yi.

Na farko, a fito da takardar shekara guda ta abin hawan mazaunin iyaka. Wanda mai gari da magajin gari, ko hakimi da ƙaramar hukuma, suka shaida yana zaune cikin wani tazara da aka ƙayyade daga iyaka, a rubuta sunansa, lambar motarsa ko babur ɗinsa da lambar shasi, ya biya kuɗi sananne sau ɗaya a shekara, a ba shi resi. Ya shiga ya fita cikin yankin da aka shata ba tare da sabon lesefase kowane zuwa ba. In zai wuce yankin, ya koma dokar baƙo. Ba sabon abu ba ne a duniya. Tarayyar Turai, duk da tsananin iyakarta, tun 2006 take da dokar da ke ba mazauna cikin kilomita 30 daga iyaka, wani wurin har 50, takardar shiga da fita ta musamman. Tasu ta mutane ce, mu sai mu haɗa da abin hawa, tunda shi ne ke ba mu wahala.

Na biyu, a yarda da musayar permi. Wanda ya koma ɗaya ƙasar da zama, ya kai perminsa na asali, a tambayi ofishin da ya ba shi a tabbatar na gaskiya ne, a gwada idonsa, a ba shi na gida daidai ajinsa ba tare da mayar da shi ɗan koyo ba. A buga jadawali mai shafi ɗaya da ke nuna wane harafi namu ne ya yi daidai da wane nasu, a raba wa kowane shinge.

Na uku, wanda ya sauya mazauni da gaske, a ba shi damar sauya wa motarsa guda ɗaya lamba da sassaucin kuɗin duwan, da sharaɗin ya daɗe da mallakarta kuma ba zai sayar ba sai bayan wani lokaci. Wannan sharaɗin shi zai raba magidanci da dillalin motoci.

Na huɗu, kuma wannan ko gobe ana iya yin sa ba tare da an tambayi kowa ba: a kafa allo a kowace mashiga, Ɗan Isa, Ƙonni, Ɗan Barto, Gaya, a rubuta da Hausa, boko da ajami, takardun da ake buƙata, kuɗin kowace, da kwanakin da take aiki. A faɗa a gidajen rediyo, a bayyana wa direbobi ƙarara matsayin kart burun a yau da inda za su kai kuka in haɗari ya faru a ƙetare. Rabin cuwa-cuwar da ake yi a hanya rashin sani ne ke ciyar da ita.

Mu ma akwai namu gyaran, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kada ka sayi mota ko babur ka bar takarda da sunan wani, komai kusancinku. In dole ta sa, a rubuta yarjejeniya da shaidu a ajiye wa iyali. Ka duba lambar shasi da idonka ka gwada ta da ta takarda kafin ka biya. Ka rubuta ranar ƙarewar lesefase inda za ka riƙa gani, ka sabunta kafin ta cika. Ka ajiye kwafin takardunka a gida, ka ɗauki hotonsu a waya. In an ce ka biya tara, ka nemi resi cikin ladabi, ko da hakan zai ci maka awa guda. Kada ka ba ɗanka babur ya hau kwalta da fasinja bai san alamar hanya ko ɗaya ba. Shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi na gefen biyu, waɗanda suka fi kowa sanin juna, su ne ya kamata su fara kai wannan kuka a rubuce gaban gwamnonin Maraɗi, Tawa da Damagaram, da takwarorinsu na Katsina, Sakkwato da Jigawa.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina zuwa Maraɗi, aikin da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, don mutane da kaya su riƙa kai da komo cikin sauƙi. Gwamnatocin da suka iya amincewa a kan aiki mai tsada irin wannan ba za su gaza amincewa a kan takarda guda ta mai babur ɗin Ɗan Isa ba, in dai an tuna da shi a teburin. Allah Ya sa a tuna, Ya kuma kiyaye mu a hanya.